Masu Cin Abinci da Fuska

Ƙarfe takwas na safe furodusa yake cewa a haɗu, amma duk wanda ya san lokeshin ya san da wuya a kunna kyamara kafin sha ɗaya. Masu fitila da mai ɗaukar sauti ne farkon zuwa, su ja wayoyi, su kai janareta can bayan gida inda ƙararsa ba za ta shiga aiki ba. Sai ƙananan 'yan wasa, waɗanda suka zo a adaidaita sahu, kowa rungume da jakar kayansa. Sai dattawan da za su fito a iyaye, a jera musu kujerun roba a inuwa. Gidan na haya ne, a Nasarawa ko wata sabuwar unguwar masu hali a Kano, kuma kuɗin yini aka biya, saboda haka duk awar da ta wuce a banza daga aljihun furodusa ta fita. Shi ya sa za ka gan shi yana safa da marwa a bakin get, waya a kunne. Jaruma yake jira. Jama'a guda suna zaune saboda mutum ɗaya, ba kuma mai cewa uffan, domin fuskarta za a ɗora a fosta, fuskar ce kuma za ta dawo da kuɗin.

Idan ta iso, da akwatuna take isowa. A mafi yawan ayyukan Kannywood ɗan wasa ne ke zuwa da kayan sawarsa. Leshi, atamfa, shadda, abaya, mayafi, takalmi da jaka mahaɗi, duk na kanta ne ko na aro daga mai shago. Mai kwantiniti yana biye da ita da waya, yana ɗaukar hoton ɗankunnen da ta sa da yadda ta ɗaura kallabi, don kada gobe a ƙarasa sin ɗin a ga ta shiga ɗaki da ja ta fito da kore. Kayan da ta sa a wannan fim kuwa ba za ta maimaita su a wani ba. 'Yan kallo suna da ido, kuma suna da Instagram. Tun kafin ta karɓi sisi, sana'ar ta riga ta ci mata kuɗin tela.

A gefe guda darakta ya je ya rusuna gaban dattijuwar da ke kan kujerar roba.

"Mama, ga yadda sin ɗin yake. Ba ki yarda da auren nan ba, ko bayan ranki. Sauran ki ƙarasa da bakinki."

"To ɗan nan, Allah ya ba mu sa'a. In yi kuka ne, ko faɗa kawai?"

"Faɗa dai, Mama. Kukan sai sin na gaba."

Irin waɗannan dattawa daga makarantar dirama suka fito, ta su Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero da Karkuzu, inda ake ba mutum gundarin labari ya cika sauran da hikimar bakinsa. Yanzu da fina-finai masu dogon zango suka karɓe kasuwa, rubutu ya fi ƙarfi, ana miƙa wa ɗan wasa takarda ya haddace. Amma har gobe in kana son jin Hausa mai daɗi a fim, ta karin magana da habaici da gatse, a bakin waɗannan tsofaffi za ka ji ta, ba a takardar marubuci ba.

Akwai wata ƙwarewa da ɗan fim ɗin Hausa ya mallaka wadda ba kasafai ake yaba masa a kai ba, ita kuma doka ce ta haife ta. Namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, ko da a miji da mata suka fito, ko uwa da ɗa. Matar gida za ta yanke jiki ta faɗi, mijin ya tsaya a kanta yana salati yana kiran a kawo ruwa. Ɗa zai dawo daga tafiyar shekara goma, uwar ta tarbe shi da hawaye daga nesa. Baƙo yakan yi dariya in ya ga haka. Sai dai wanda aka hana wa hannu dole ya koyi aiki da ido da murya. Kallo ɗaya ta ƙasan ido, ko yadda jaruma za ta ja mayafi ta kau da kai, shi ke ɗauke da abin da wasu masana'antun ke faɗa da runguma. Jaruman da suka daɗe ana yayinsu, in ka duba da kyau, waɗanda suka iya wannan ne.

Waƙa kuma aiki ce daban. A sitidiyo ake fara yin ta, mai fiyano ya haɗa kiɗa, mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar su ɗora murya. Ranar ɗauka sai a tafi lambu ko duwatsun Jos, a kunna sifika, jarumi da jaruma su yi ta motsa baki suna taka rawa, a tsayar, a canza kaya, a sake, har rana ta faɗi. Minti biyar ɗin da mai kallo zai gani kan cinye yini guda da kaya kala biyar ko shida. A zamanin kaset waƙar ce ke sayar da fim, kuma ita ce dai ke jawo wa masu fim zagi daga kan mumbari.

Da yamma sai sallama. Manya da ciniki ake ɗaukarsu tun kafin a fito, wasu ma sai kuɗi ya shiga asusu suke baro gida. Na ƙasa kuwa abin da furodusa ya ga dama, a dunƙule a miƙa, a ce ga na mota. A watan Fabrairun 2022 Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru aru-aru tana fitowa a uwa da kaka, ta faɗa wa BBC Hausa cewa sau da yawa abin da ake ba ta bai wuce dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Masana'antar ta ɗau zafi. Wasu furodusoshi suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba, wasu suka ce ai sin ɗaya ko biyu ake kiran ta ta yi. Ko ma wa ya fi gaskiya, mutanen gari sun ji abin da ba su zata ba: ashe fuskar da suka sani tun suna yara tana iya komawa gida da kuɗin da bai isa cefanen yini ba. Babu fansho a sana'ar nan, babu inshorar lafiya. Shi ya sa kusan duk shekara sai an ga bidiyon wani tsohon ɗan wasa a gadon asibiti ana nema masa taimako.

Wannan rashin madafa tun asali aka gina sana'ar a kansa. Diramar Hausa ta talabijin a hannun gwamnati ta girma, a tashoshin Kaduna da Kano da Sakkwato. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kuɗin da ake ware wa gidajen talabijin ya tsuke, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka rasa mai ɗaukar nauyinsu. A daidai lokacin ne na'urar bidiyo ke shiga gidaje. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka ga ashe ana iya sayar da wasa kai tsaye ga mai kallo ba tare da an bi ta hannun hukuma ba. Daga ranar ɗan wasa ya tashi daga ɗan dirama mai jiran alawus, ya koma haja a kasuwa. Kafin shekara goma harkar ta yi ƙarfin da ta samu mujallunta. Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a 1999, a shekarar ce kuma Sunusi Shehu ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, tun kafin a fara kiran ta Legas da nata sunan.

Sangaya, wanda Sarauniya Films ta fitar a 1999, da Wasila da ya biyo baya a 2000, su suka koya wa 'yan kasuwa darasin da har yau ake aiki da shi. Dilan kaset a Ƙofar Wambai ba ya tambayar me labarin ya ƙunsa. Tambayarsa biyu ce: wa ke ciki, kuma waƙa nawa? In akwai Ali Nuhu, in akwai Fati Mohammed, in akwai Ibro, to a kawo. In babu, a kai gaba. Haka 'yan kasuwa suka zama masu naɗa taurari, furodusa kuma ya koyi cewa gara ya biya mutum ɗaya da tsoka ya matse sauran. Daga nan tsarin ubangida ya kafu. Sabon shiga sai ya raɓu da wani babba, a san shi da yaron wane, ya riƙe jaka, ya yi shekara yana fitowa a ɗan aike ko abokin ango kafin a ba shi fim nasa. Rigingimun da aka yi ta yi tsakanin gidajen manyan jarumai, waɗanda magoya baya ke ɗauka kamar gabar ƙwallo, yawancinsu a kan wannan ne: wa ke da yara, wa ke da kasuwa.

Sai kasuwar ta rushe. Satar fasaha ta fara cin ta, sannan 'yan daunlodin suka ƙarasa. Shago ne ɗan ƙarami, kwamfuta ɗaya da benci, ka miƙa waya ko memori a tura maka fim biyar da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, furodusa kuwa ko labari bai ji ba. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na su Algaita, suka zo suka ƙwace ragowar masu kallo, domin ga faɗa ga mota ga jirgi, ga kuma Hausa. Silimar zamani da aka buɗe a Ado Bayero Mall ta ɗan ba da numfashi, amma mutum nawa ne za su iya sayen tikiti? Abin da ya ceci sana'ar shi ne dogon zango. Arewa24 ta fara a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na tashar Bakori suka nuna cewa ana iya riƙe miliyoyin mutane mako bayan mako, a talabijin ko a YouTube.

To a nan ne lissafin ya canza gaba ɗaya. Mai kallo a YouTube ba ya biyan furodusa ko kwabo, kamfanin waya yake biya kuɗin data. Furodusa daga talla yake ci: wadda YouTube ke sakawa, wadda kuma ta fi tsoka in mai kallon yana Saudiyya ko Turai, da wadda shi da kansa yake cusawa a tsakiyar shiri. Ana tsaka da rikicin kishiyoyi sai a yanke, ga tallar filaye, ga ta maganin gargajiya, ga ta shagon atamfa, ga ta kamfanin Umara, ga ta kayan gyaran jiki. Sau da yawa jarumar da ka bari tana kuka ita ce za ta fito tana murmushi da kwalba a hannu. Fim ya zama rumfar da ake tara jama'a don a tallata musu kaya.

Shi ma jarumin haka lissafinsa ya koma. Kuɗin fitowa a fim ba shi ne abincinsa ba, fim ɗin dai shi ke sa a san fuskar, fuskar kuma a kai ta inda kuɗi yake. Manya suka zama jakadun kamfanoni, kamar yadda Ali Nuhu da Sani Danja suka yi wa Glo. Na tsakiya suna tallata shaguna a shafukansu, a biya su gwargwadon yawan mabiya. Da sallah a tafi gala Yamai ko Maraɗi ko Kumasi ko Garwa, inda Hausawan can ke cika fili don su ga wanda suka saba gani a waya. Mata da yawa sun buɗe nasu kasuwancin, na turare da abaya da kayan kwalliya da gidan abinci. Sai kuma siyasa, wadda ta fi duka maiƙo. A zaɓen 2015 an ga Sani Danja a tafiyar Jonathan, an ga Rarara da tarin 'yan fim a ta Buhari, kuma tun daga lokacin duk kakar zaɓe sai masana'antar ta dare gida-gida, a yi waƙa, a hau mumbarin kamfe, a raba motoci, a ɓata da juna, bayan zaɓe a shirya.

Mai wannan sana'a ba shi da ikon ya bayyana a matsayin talaka. Kamfani ba zai ba da talla ga wadda ake gani a adaidaita sahu ba. Dole a ga sabuwar waya, a ga hoto a Dubai, a ga mota an ɗaura mata ƙyalle ana taya murna. Wani abin na gaske ne, wani aro ne, wani bashi. Har fata ma ta shiga lissafi, don ba ɓoyayyen abu ba ne cewa farar mace ta fi saurin samun fim, kuma masu sayar da man bilicin sun san da haka. Sai ga shi a gari irin Kano, inda masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da yawa suka daɗe da rufewa, inda matashi mai digiri ke tuƙa babur mai ƙafa uku, an wayi gari 'yar shekara ashirin da biyar ta sayi motar da farfesa ba zai iya saya ba. Tambayar da ke biyo baya kowa ya san ta: a ina ta samu? Ba a cika yi wa namiji ita ba. Ba a kuma cika yi wa ɗan siyasar da ya ba da motar ba.

Tsoron fim ya girmi Kannywood. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu, kuma mutanen gari da yawa suka ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah kan masu zuwa kallo. Silima ta zauna a zukatan mutane a jere da gidan giya da gidan karuwai, wurin da 'yar mutunci ba ta zuwa. Amma a cikin silimun nan ne, su Plaza da Orion da Marhaba da Wapa, samarin Kano suka kamu da son fim ɗin Indiya da Kwarori suka riƙa shigowa da shi, har suka raɗa wa jarumansa sunaye, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bandiri ma suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka mayar da su yabon Annabi. Abin da bidiyo ya yi shi ne ya ɗauko abin da ke can bayan ganuwa ya shigar da shi har uwar ɗaka, inda matan kulle suke, sannan ya sa 'yar Hausa a inda 'yar Indiya take. Rawar da ake kallo hankali kwance in Hema Malini ce ke yi, ta zama abin tashin hankali da aka ga 'yar maƙwabta ce.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a watan Disamba, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Aka ci gaba da zaman doya da manja har 2007, shekarar da wani bidiyon sirri na wata jaruma ya fita daga wayar wani ɗan kasuwa ya bazu ta Bluetooth. Ba fim ba ne, ba a lokeshin aka ɗauka ba, namijin da ke ciki kuma ba ɗan fim ba ne. Duk da haka masana'antar gaba ɗaya ta biya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar, aka hana ɗaukar fim na wata shida, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. Aka ɗaure Adam A. Zango a kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro. A ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan Tsintsiya, fim ɗin da ya yi kan zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai. 'Yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. Abin mamaki, a daidai lokacin da ake tsine wa jarumar da ke cikin bidiyon a masallatai, hotonta ne manne a bayan motocin haya da babura. Ana so ana kaiwa kasuwa.

Maganar da ta fi yawo a irin waɗannan lokuta ita ce: ai ba Hausawa ba ne, baƙi ne suka zo suna ɓata mana al'ada. Akwai ƙamshin gaskiya a rabin farko. An haifi Ali Nuhu a Maiduguri a 1974, mahaifinsa mutumin Balanga ne a jihar Gombe, mahaifiyarsa 'yar Bama. An haifi Hadiza Gabon a Libreville. Adam Zango daga kudancin Kaduna ya fito, Nafisa Abdullahi daga Jos, Halima Atete daga Maiduguri, Rakiya Moussa daga Nijar. Sai dai wannan ai shi ne tarihin Kano kanta. Unguwanni nawa ne a cikin birni da sunansu ke faɗin daga inda kakannin mazaunansu suka zo? Hausa ta yaɗu ne domin tana karɓar duk wanda ya zo ya iya ta, kuma a zamanin nan ba abin da ya kai ta gidajen da ba a jin ta kamar fim. Ranar da jarumi ya karɓo kambu a Legas ko Landan, ɗanmu ne. Ranar da aka ga abin da ba a so, sai a tuna garin ubansa. Su ma 'yan fim ɗin suna da tasu kariyar da suka haddace: mu faɗakarwa muke yi, mu ma wa'azi muke yi. Ban cika yarda da wannan ba. Sana'a suke yi, ta nishaɗi, kuma da sun tsaya a kan haka da sun huta da ɗaukar alkawarin da ba za su iya cikawa ba. Wanda ya ce shi malami ne, da ma'aunin malamai za a auna shi.

Shekarar 2016 ta nuna abin a fili har sau biyu. Gwamnatin tarayya ta shirya gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca a kan mumbari da rediyo, suka ce matattarar baɗala za a gina, gwamnatin Buhari ta janye cikin 'yan kwanaki. A watan Oktoba kuma ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ suna riƙe hannu da runguma. Wannan karon ba gwamnati ba ce ta yi hukunci, abokan sana'arta ne, don su nuna wa gari cewa suna iya tsawata wa nasu kafin a zo a tsawata musu duka. Korar ba ta kashe ta ba. Ƙofofin Legas suka buɗe mata, daga baya har ta fito a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2022. Kasuwar da ta fi ta Kano girma ta saye abin da Kano ta ce ba ta so. A 2020 aka sake taso ta a gaba a kan hotunan wata doguwar riga mai buɗaɗɗen baya, bayan wani ya yi kalaman ɓatanci a ƙarƙashin hoton. Ba ita ta rubuta ba, amma ita ta fito tana kuka tana ba da haƙuri.

Nauyin sana'ar nan a kan mata ya fi sauka, ta kowace fuska. Kafin a yi wa mace rajista sai waliyyinta ya amince. In ta yi aure, al'adar masana'antar ita ce ta bar fitowa, wato ta ajiye sana'ar a daidai lokacin da ta fi tsada. In auren ya mutu ta dawo, a ce 'yan fim ba sa zaman aure, alhali sakin aure a Kano bai tsaya a Zoo Road, matattarar 'yan fim, ba, har gwamnati ta yi ta shirya auren zawarawa saboda yawansa. In ta ƙi auren ta riƙe sana'a, a ce ta fi son duniya. Namiji kuwa yana iya shekara talatin yana fitowa a saurayi, da matansa da 'ya'yansa a gida, ba mai tambaya. Abin da ake tsoro a jikin jaruma ba rawar ba ce kawai. Mace ce da ke da kuɗinta, da motarta, da muryar da miliyoyi ke ji, ba tare da ta bi ta hannun uba ko miji ba, a lokacin da maza da yawa ke kasa riƙe gida saboda tsadar rayuwa. Wannan tsoro na gaske ne, kuma ba fim ne ya kawo shi ba. Fim dai ya ba shi fuska da suna, wanda za a iya kira a zaga. Farashin masara ba shi da shafin Instagram.

Ba kuma ina cewa duk kukan da ake yi da 'yan fim na banza ba ne. Uban da ya ga 'yarsa ta fara raina kayan ɗakin da zai iya yi mata saboda ta saba ganin falon haya a fim, yana da hujjar damuwa. Labaran masana'antar sun cika maƙalewa a gidajen masu kuɗi, kamar babu manomi ko ɗan dako a ƙasar Hausa sai in za a yi barkwanci. Ƙorafin da wasu mata ke yi kan masu neman su ba da kansu kafin a sa su a fim, shi ma ba abin sharewa ba ne, kuma ƙungiyoyin da ke saurin korar mace a kan hoto ba su cika nuna irin wannan zafin nama a nan ba.

Yanzu dai sana'ar ta kai inda 'ya'yanta ke riƙe da kujerun da a da ake hukunta su daga kai. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Abba El-Mustapha, wanda shi ma jarumi ne, shugaban Hukumar Tace Fina-finai, kuma bai daɗe ba ya soke lasisin kowa ya ce a sake rajista. A watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya ba Ali Nuhu shugabancin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos. A watan Mayun 2025 hukumar ta Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, ta ce sai an kawo mata kowane kashi ta duba kafin a saki. Ikonta dai a iyakar jihar Kano ya tsaya, masu kallon kuwa suna Agadas da Jidda da Sabon Zongo na Accra. Sababbin fuskokin ma ba sa jiran ubangida a Zoo Road kamar da. A TikTok suke tara mabiya daga ɗakunan iyayensu, furodusa ya duba adadin, shi ya neme su.